Ƙarƙashin Kukan Birki

Mai gadin ya juya takardar sau biyu, ya leƙa bayanta ko akwai wani abu a can, sannan ya miƙo wa Malama abarta.

"Mama, nan fa ba ofishin koke ba ne. Wancan yana can gaba, kusa da tasha."

"Na san shi, ɗana. Ni na cinye musu benci da zama," in ji ta. "Yau wurin Injiniya na zo. Ka ce mata matar Mai Agogo ce, ta gidan gangara."

Ya shiga ɗan ɗakinsa ya ɗaga waya. Malama ta tsaya a rana tana kallon filin ta tsakanin sandunan ƙofa. Taragun kaya ne jere har inda ido ya tsaya, ga tsibin tsofaffin ƙarafan birki a gefe, sun yi tsatsa, ciyawa ta fito a tsakaninsu. Ta daɗe tana kallon tsibin. Shekara talatin da ɗaya tana gaba da waɗannan ƙarafa, sai yau ta ga fuskarsu.

Gidansu yana manne da layin dogo, daidai inda ƙasa ta gangara zuwa tasha. Duk jirgin kayan da ya iso nan dole ya ja birki, kuma in ya ja, taragu arba'in za su ɗauki kuka lokaci ɗaya, siririn kuka mai shiga haƙora. Tun da ta bar koyarwa Malama ta mai da rubuta koke sana'a. Tana da littafi na musamman: da an fara kukan sai ta ruga ɗakin ciki, ta rufe taga, ta kafa wa agogo ido, ta rubuta lokaci da yawan sakan. Mijinta mai gyaran agogo ne, shi ya saita mata agogon da hannunsa, shi ne kuma kan gaba wajen yi mata tsiya. Yakan ce ranar da jirgi ya yi shiru, Malama za ta rubuta koke a kan shirun.

Bara aka turo masu bincike. Suka kafa na'urorin ɗaukar sauti guda shida a tsawon gangarar, suna ce musu kunnuwa. Kunne na huɗu a bangon bayan gidanta aka ɗaure shi, saman kujerar da Mai Agogo yake wuni a kai tun da ciwo ya hana shi zuwa shago. Ita ta sa hannu a takardar yarda, inda aka rubuta cewa duk muryar mutum da na'ura ta ɗauka za a goge ta in an gama aiki. Ran Litinin wasiƙa ta zo: an gama, ran Alhamis za a goge. Yau Alhamis.

Wata biyar ke nan da rasuwar Mai Agogo. Fuskarsa tana nan a hoto, tabaransa yana nan a aljihun tebur, muryar ce ke guje mata. Mutum ne da bai yarda da waya ba, bai taɓa barin saƙon murya ko ɗaya ba. Makon jiya 'yarsu ta kira daga garin da take aure, tana cikin magana sai ta ce, "Umma, yaya ma Abba yake cewa in zai kira ni?" Malama ta buɗe baki za ta kwaikwaya, ba abin da ya fito. Ranar ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da shi.

Injiniya da kanta ta fito. Yarinya ce doguwa, da ƙyar in ta kai talatin, sanye da rigar aiki mai tabon baƙin mai a hannu. Ta rusuna ta gaishe ta.

"Mama, sannu da zuwa. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba."

"Amin, 'yata. Kin rame. Ba sa ba ki abinci ne a nan?"

"Suna ba ni aiki dai."

"Shi ya sa. Ki wuce mu je, ƙafata ba ta son tsayuwa."

Suka ratsa wani babban ɗaki mai rufin kwano. A tsakiyarsa an ɗora ƙafar tarago guda a kan inji tana juyawa a hankali, maza biyu da toshe a kunne suna matsa mata ƙarfen birki. Injiniya ta ɗaga hannu, suka tsai da injin har su wuce. Ta ɗauko wani dunƙulen ƙarfe mai lanƙwasa ta nuna mata.

"Ga mai laifin, Mama. Shi ke damƙe ƙafar. In jirgi ya rage gudu, ba ya riƙe ta gaba ɗaya, sai ya kama ya saki, ya kama ya saki, sau dubbai cikin sakan guda. Ƙafar kuwa sai ta ɗauki rawa, kamar farantin ƙarfe da aka daka. Rawar ce kike ji."

Malama ta taɓa shi da yatsa ɗaya ta goge a mayafinta. "Ɗan wannan abin? Ni na ɗauka zai kai girman saniya."

Ofishin ƙarami ne, tebur ɗaya, kwamfuta biyu, fanka mai ƙyar-ƙyar. Malama ba ta yi kwana-kwana ba, ta faɗi abin da ya kawo ta: kafin a goge, a ba ta muryar mijinta. Wata uku yana zaune ƙarƙashin kunnen nan, kuma bakinsa ba ya hutawa, lalle an ɗauki abin da zai ishe ta ita da 'yarta.

Injiniya ta gyara zama, ta gyara biron da ke kan tebur, ta sake gyara shi.

"Mama, na'urar ba kullum take ɗauka ba. Barci take yi, sai birki ya fara kuka take farkawa. Abin da take ajiyewa shi ne kukan, da sakan biyar kafinsa, da biyar bayansa."

Malama ta gane abin da hakan ke nufi. A gidansu, da ma duk gidajen gangara, an saba: da birki ya fara, kowa zai tsaya a inda maganarsa ta kai, ko a tsakiyar kalma ne, in jirgi ya wuce a ɗora daga nan. Yaran unguwar ma da haka suke koyon magana. An taɓa yin rigima a layinsu da ta mutu don jirgin ya yi tsawo, kafin ya wuce mai zagin ya manta wa yake zagi. Ashe na'urar tana farkawa ne daidai lokacin da mijinta yake rufe baki.

"To ba ni sakan biyar ɗin," ta ce. "Ba a raina su."

Injiniya ta ɗora mata abin sauraro a kunnuwa, ta danna. Aka ji iska, aka ji zakaran maƙwabta, sai ga shi kusa, kamar yana bayan kujerarta:

"Malama, wai ina kika kai mini ɗan..."

Injiniya ta katse.

"Yana kan taga," in ji Malama da ƙarfi, tun kafin ta san ta yi magana. "Ɗan sukudirebansa yake nema. Kullum yana kan taga, kullum sai ya tambaya." Ta yi dariya, hawaye suka zubo tare da dariyar, ba ta share ba. Muryar ta fi yadda take zato kauri, kuma ta manta yadda yake jan sunanta a ƙarshe kamar mai shirin roƙo. "Ƙara mini."

Aka ƙara. A wani yana yi wa kyanwa faɗa. A wani yana cewa, "Wannan shayin ko ruwan wankin..." A wani tari kawai. A wani kuma yana gaya wa 'yarsu a wayar Malama, "Uwata, ki bar jin maganar Ummanki, ni garau..." Malama ta dafe ƙirji. Uwata. Haka yake kiranta, sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Yaya aka yi ta manta?

"Na bayan fa? Kin ce akwai biyar a bayan kukan."

Injiniya ta ja wani abu a fuskar kwamfutar, ta tsallake tsakiya. Aka ji jelar kukan tana mutuwa, sannan muryarsa:

"Sakan nawa, Malama?"

Daga nesa, ta bayan rufaffiyar taga, wata murya mai kaifi ta ce, "Arba'in da biyu!"

"Ki rubuta," in ji shi.

"Ji muryata kamar ta mai tallan gawayi," in ji Malama. Amma dariyar ba ta yi nisa ba. "Sake sa shi."

Aka sake. Ta ce a sa na wata rana, aka sa. Duk tambayar ɗaya ce, duk amsar ɗaya ce, lambar ce kawai ke canjawa. Malama ta zare abin sauraron ta ajiye a cinya.

"Me ya sa yake haki?"

"Na'am?"

"Mutumin da ke zaune a kujera, bai ɗaga ko kofi ba. Kafin jirgi numfashinsa lafiya, bayan jirgi yana haki kamar wanda ya hau tudu. Me ya sa?"

"Wataƙila iska ce ta bugi na'urar, Mama."

Shekara talatin Malama ta yi a gaban allo, ta san idon yaron da ya ɓoye abu a ƙarƙashin benci. Ta lura tun ɗazu yadda yatsan yarinyar yake rige-rigen katsewa, tun kukan bai fito ba. Ta matso da kujerarta, ta sa tabarau, ta dubi zanen da ke fuskar kwamfutar.

"Wannan jan layin na sama, shi ne birki?"

"Shi ne."

"Wannan na ƙasa fa, mai kauri?"

Fanka ta yi ta ƙyar-ƙyar ɗinta. Injiniya ta ce, tana kallon tebur:

"Mu ma da farko ba mu sani ba. Mun ɗauka wani sabon kukan birki ne da ba a taɓa rubutawa ba. Har suna muka ba shi, sauti na uku. Ogana ya yi murna, ya ce da shi za mu yi suna. Kwana huɗu ana kwance ƙafafun taragu ana neman wanda ke yin sa. Sai na lura kowane jirgi yana yi, amma a kunne na huɗu kaɗai. Na cire sautin sama, na bar na ƙasa, na saurara." Ta ɗago ta dube ta. "Mama, don Allah ki bar shi. Ki ɗauki na farkon nan, zan haɗa miki su wuri guda, su yi daɗin ji."

"Sa mini."

"Mama..."

"Mijina ne ko mijinki?"

Yarinyar ta danna wasu wurare, jan layin ya ɓace daga zanen. Malama ta mai da abin sauraron da kanta.

"Malama, wai ina kika kai mini ɗan..." Aka ji takun ƙafarta tana gudu, aka ji taga ta rufu. Kukan birkin ya koma can nesa, siriri kamar na sauro. Sai wani nishi ya taso, mai zurfi, daga can cikin ciki, ya yi ta hawa har ya fashe. "Wayyo Allah. Wayyo ƙashina. Wayyo Inna, Inna, zo ki ɗauke ni." Tsoho mai shekara saba'in da ɗaya yana kiran uwar da ta rasu tun kafin a yi aurensu. Ana jin hannunsa yana dukan katakon kujera. Bai tsaya shan iska ba, yana sauri ne, yana zubar da duk abin da ya tara tun jirgin da ya wuce. Da birkin ya fara sassautawa shi ma ya sassauta, ya haɗiye sauran, ya gyara murya.

"Sakan nawa, Malama?"

Ba ta san lokacin da ta kama hannun Injiniya ba. Likitoci sun gaya mata ciwon daji in ya shiga ƙashi ba ya sassauci, amma shi kullum cewa yake, "Ni nawa mai kunya ne, ba ya cizo." Ta yarda, don tana son ta yarda. Duk wanda ya zo gaisuwa abin da ta gaya masa ke nan, ta gaya wa 'yarta, ta gaya wa kanta kowace safiya: Allah ya yi masa da sauƙi, bai sha wuya ba. Da wannan maganar ta tashi daga shimfiɗa wata biyar. Ashe sau takwas a wuni yana ihu a bayan bango ɗaya da ita, ita kuwa tana ciki da biro tana auna tsawon ihun.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun yana da rai," in ji Injiniya. "Na je canja batir, kina kasuwa. Na ce, Baba, na ji abin da ke cikin na'urar. Ya dube ni ya ce, ''Yata, kunnen nan naki na bango, yana da baki?' Na ce a'a. Ya ce, 'To ki yi koyi da shi.' Ya ce in kika sani za ki mai da shi asibiti, kuma sun riga sun ce ba abin da za su yi sai allurar barci. Ya ce gara ya ga fuskarki yana cikin ciwo da ya yi ta barci ba ya ganin kowa. Ya ce kuma jininki yana hawa." Ta share hanci da bayan hannu. "Ban san ko daidai na yi ba. Har yau ban sani ba."

"Haka yake," in ji Malama. "Ko agogon mutum ya gagare shi, ba ya faɗa, sai ya ce a dawo jibi." Ta saki hannun yarinyar ta ga shatin farcenta a jiki, ta shafa wurin. "Kai ni na ƙarshe. Ina son in ji ranar ƙarshe."

Injiniya ta gangara ƙasan jerin, ta tsaya. Malama ta karanta kwanan watan, ta sake karantawa.

"Wannan ba shi ne na ƙarshe ba. Ran sha tara ya rasu. Nan takwas aka rubuta."

"Daga nan na'urar ba ta sake farkawa ba, Mama. Ran tara ga wata muka gama sa wa taragun layin sabon birki, wanda ba na ƙarfe zalla ba. Shi ba ya kuka."

Malama ta tuna ranar sarai. Jirgin safe ya gangaro, ta ruga ɗaki da littafinta, ta jira, ba ta ji komai ba sai gurnanin ƙafafu a kan dogo. Ta buɗe taga ta leƙo tana ihu, "Ka ji? Ka ji shiru? Shekara tara ina rubutu!" Ta fito ta yi rawa a tsakar gida da tsufanta. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta ce daga yau ba inda za ta, tunda ba abin aunawa. Kuma ba ta je ko'ina ba, tana gefensa daga safe har yamma. Ya yi mata murmushi, zufa tana tsattsafo masa a goshi, leɓensa na ƙasa ya fashe. Ta goge masa, ta shafa masa man kaɗe, ta ce zafin gari ne.

Ta ƙirga a yatsunta, a hankali, kamar 'yar aji ɗaya. Kwana goma sha ɗaya.

"Ya san za ku canja?"

"Na gaya masa tun saura mako guda. Na ce zan iya roƙon a ɗaga, in ce ban gama awo ba." Injiniya ta rufe fuska da tafin hannu. "Ya ce kada in kuskura. Ya ce, 'Ki bar ta ta ci nasararta ina gani.'"

A babban ɗakin an sake ta da injin, ana jin ƙafar taragon tana juyawa ta cikin bango. Malama ta zauna tana kallon hannuwanta. Baƙin cikin da ta ji ba irin na ranar rasuwa ba ne, wancan ya zo da mutane da hayaniya, wannan kuwa ita kaɗai ya samu. Tana jin haushinsa, haushi sosai, tana son ya dawo minti ɗaya ta yi masa faɗan da ba ta taɓa yi ba. Kuma tana jin kewarsa har cikin ƙashinta.

Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya leƙo, ya ce Oga yana tambaya ko an fara gogewar, ana son a rufe fayil kafin a tashi. Injiniya ta ce ana kai. Ya ja ƙofar.

"Ki yanko mini na farko-farkon nan," in ji Malama. "Kyanwar, da shayin, da inda ya ce Uwata. Ki sa a memori guda. Na 'yata ne. Abin da na gaya mata kuma ya zauna yadda na gaya mata."

"To, Mama. Sauran in goge?"

"Guda nawa ne?"

Injiniya ta duba. "Ɗari shida da goma sha huɗu."

Malama ta yi lissafi a ka, lissafi bai taɓa ba ta wuya ba. In kowane ya kai minti guda, awa goma ne da 'yan kai. Ta cire takalmanta ta tura su ƙarƙashin tebur, ta warware mayafinta ta ninke a bayan kujera.

"Ki je ki gaya wa ogan naki yau ba za a rufe ba, gobe ma ba na ce ba. In yana da magana ya rubuta koke, zan nuna masa ofishin." Ta ɗauki abin sauraron, ta daidaita shi a kunnuwanta. "Mutum ya yi wata uku yana kira, ba wanda ya amsa. Ki goge kowane bayan na ji shi, ba kafin nan ba."

Injiniya ta jawo kujerarta kusa, ta koma saman jerin.

"Daga na farko, Mama?"

"Daga na farko. Kada ki tsallake ko ɗaya."